Yaushe Mai Keke Ya Isa Shiga Ayari?

Tun da aka janye tallafin man fetur a ƙarshen watan Mayun 2023, keke ya dawo da martabarsa a garuruwanmu. Waɗanda suka jingine shi tun suna 'yan makaranta sun kakkaɓe masa ƙura, wasu kuma sun shiga kasuwa sun sayo ɗan gwanjo mai giya. Yawancinsu zuwa wurin aiki ne ya sa su, amma a cikinsu akwai waɗanda abin ya shiga ransu, har suka koma fita bayan sallar asuba su yi kilomita goma sha biyar ko ashirin don lafiyar jiki kawai. Irin wannan mutum ne wata safiyar Asabar, yana tafe shi kaɗai a hanyar Gwarzo ko ta Wudil, zai ji motsi a gefensa, kafin ya waiga mutum goma sha sun wuce shi a jere, taya na bin taya, kowa da hular kwano, wasu har hira suke yi. Daga ranar tambaya ta zauna masa a rai: ni ma na isa in bi su, ko da sauran aiki a gabana?

Mutane iri biyu ne ke amsa wannan tambaya ba daidai ba. Akwai wanda ya daɗe da isa, amma kunya da fargaba sun riƙe shi. Kullum sai ya ce bari ya ƙara wata guda, bari tumbi ya ragu, bari ya sayi keke irin nasu. Shekara ta zagayo yana nan shi kaɗai, ƙarshenta ma kaɗaicin ya gundure shi ya ajiye keken. Akwai kuma wanda tun yana yaro yake kan keke, ya ɗauko buhu a kariya, ya goya ƙannensa biyu, ya saki hannu a gangara. Shi a ganinsa babu abin da ya rage a koya masa. Na farkon kansa kawai yake cuta. Na biyun shi ne wanda tsofaffin mahaya ke shakka, domin ƙarfinsa zai kai shi tsakiyar mutane tun bai san yadda ake zama a cikinsu ba.

A wajena ma'aunin shiri na farko shi ne wanda ke bayanka ya iya sanin abin da za ka yi kafin ka yi shi. Ƙarfi yana da muhallinsa, za mu zo kansa, amma bayan wannan yake zuwa.

Ba za a gane haka ba sai an san dalilin da ya sa masu keke suke matse juna. A kan shimfiɗaɗɗiyar kwalta, iska ce babbar mai cin ƙarfin mahayi. Da zarar gudu ya kai kilomita 30 a awa, mafi yawan abin da kake zubawa a feda wajen tsaga iska yake tafiya. Lissafin kuma ba a miƙe yake ba. Wanda ya tashi daga 20 zuwa 30 a awa, rabin gudunsa kawai ya ƙara, amma ƙarfin da iska ke nema a wajensa ya ninka fiye da sau uku. Shi ya sa mai yin 22 shi kaɗai yake ganin masu yin 30 kamar ba jini da tsoka ba ne. Dabararsu ita ce na gaba ya tsaga iska, na baya ya fake da shi. Wanda ya bi tayar wani kurkusa yakan huta da kusan kashi ɗaya cikin huɗu zuwa ɗaya cikin uku na wahalar. A 2018 Farfesa Bert Blocken na jami'ar fasaha ta Eindhoven a ƙasar Holan, shi da abokan aikinsa, sun gwada siffar ayari mai mahaya 121 a kwamfuta da kuma ɗakin gwajin iska, suka gano cewa wanda ke can ciki ta wajen baya, turjiyar iskar da ke samunsa ba ta wuce kashi 5 zuwa 10 cikin 100 na abin da zai sha da shi kaɗai ne ba. Ayarin safiyar Asabar bai kai wannan girma ba, amma ƙa'idar ɗaya ce.

Wannan rangwame ba kyauta ake samunsa ba. Mai tafiyar kilomita 30 a awa yana cin fiye da mita takwas a kowace daƙiƙa, alhali tsakanin tayarsa da ta na gabansa wani lokaci bai kai mita ɗaya ba. Kuma ba ya ganin hanya, bayan mutum yake gani. Rami, tsakuwa, yashin da ruwan sama ya zubo kan kwalta, akuyar da ta tsallako, ɗan a-daidaita-sahun da ya ci birki don ɗaukar fasinja, duk sai na gaba ya gaya masa. Tsarin bai da bambanci da na ayarin fatake a zamanin safarar goro zuwa Gwanja: jagaba na gaba yana duba hanya, madugu na riƙe da ragamar tafiya, kowa ya ba da amanar kansa ga wanda ke gabansa, shi ma na baya ya ba shi tasa. Idan tayarka ta gaba ta gogi tayar bayan wani, kusan kullum kai ne za ka sha ƙasa, shi kuwa wataƙila ɗan girgiza kawai zai ji. Waɗanda ke bayanka ba su da lokacin kaucewa, sai su hau kanka. Faɗuwar mutum ɗaya a cikin ayari ba kasafai take tsayawa a kansa ba.

Saboda haka kafin ka nemi lambar wayar kowa, nemi hanya marar cunkoso ko filin makaranta ranar da babu ɗalibai, ka gwada kanka da gaskiya.

Fara da miƙewa. Ɗora tayarka kusa da farin layin gefen hanya ka bi shi na tsawon kilomita guda, ka ga ko keken yana tafiya sak ko yana lilo hagu da dama da kowane bugun feda. Mutane da yawa ba su san suna lilo ba, domin babu wanda ya taɓa bin bayansu kurkusa ya faɗa musu. Yawanci abin da ke kawo shi biyu ne: ƙanƙame kan keke da ƙarfi har kafaɗu su sandare, da kuma taka giya mai nauyi ana dannawa da dukkan jiki. Saki kafaɗa, ɗan lanƙwasa gwiwar hannu, sauko da giya ƙafa ta riƙa juyawa da sauƙi, kamar sau 80 zuwa 90 a minti. Za ka ga keken ya natsu da kansa.

Idan wannan ya zauna, sai waiwaye. Nan ne asirin mutane da yawa yake tonuwa. Kana kan layin nan, juya kai ta kafaɗar hagu ka dubi baya sosai, har ka iya faɗin launin motar da ke tafe, sannan ka dawo da ido gaba. Ina tayarka take? Wanda bai saba ba zai tarar ya karkata hagu da taku biyu ko uku, wato ya shiga tsakiyar hanya, tun da mu a dama muke tuƙi. Kai kaɗai, wannan karkata tsakaninka ne da motar da ke tafe. A cikin ayari kuwa ka yanke gaban wanda ke gefenka ke nan. Maganinsa maimaitawa, da kuma sassauta hannun hagu lokacin da kake juyawa don kada ya ja kan keken ya bi wuyanka.

Sai tuƙi da hannu ɗaya, kowane hannu, ba wanda ka fi so kaɗai ba. A ayari hannu harshe ne. Da shi za ka nuna rami a ƙasa, ta gefen da yake. Da shi za ka yi alamar kwana, ka buɗe tafi ta baya don a san za a rage gudu, ka kai shi bayan ƙugu ka yafito don na baya su kauce wa motar da aka ajiye a gefe. Wanda ba zai iya sakin hannu ɗaya keken na tafiya sak ba, saƙon da aka miƙo daga gaba a kansa zai mutu, na bayansa ya faɗa ramin da shi ya kauce wa. Haɗa wannan da shan ruwa: zaro gorar daga mazauninta, ka sha, ka mayar, idonka na kan hanya, ƙafarka ba ta daina juyawa ba. Abu ne da ake rainawa, amma wanda bai iya shi ba ɗayan biyu zai yi, ko ya haƙura da ƙishirwa har ta kayar da shi, ko ya sunkuya neman gora ya hau na gabansa.

Birki shi ne wanda na fi so a daɗe a kansa. Mai tafiya shi kaɗai ya saba da cin birki yadda ya ga dama, domin babu kowa a bayansa. A ayari damƙar birki farat ɗaya ita ce babban laifi. Idan ka ga kana cim ma na gabanka, matakin farko ka sassauta feda. Idan bai isa ba, ɗan ɗago ƙirji ko ka ɗan leƙo gefe iska ta doke ka, ita da kanta za ta rage maka gudu. Sai in duk wannan bai yi ba ka shafi birki da yatsa biyu, shafa kawai. Amma kuma dole ka san yadda ake tsayawar gaggawa idan ta kama: birki biyu tare, ka tura mazauni baya, ka sani cewa na gaba shi ne mai yawancin ƙarfin tsayarwa. Ga wani abu da masu sayen keken gwanjo ya kamata su duba tun a gida. Kekunan da suka fito daga Ingila birkin gaba a hannun dama yake, waɗanda suka fito daga Amurka da yawancin ƙasashen Turai kuwa a hagu. Wanda ya sauya keke kwanan nan, ko ya ari na wani, ya tabbata hannunsa ya san wanne ne wanne kafin ranar da zai matsa ba tare da tunani ba.

Akwai kuma miƙewa tsaye a kan feda. Duk lokacin da mahayi ya tashi daga sirdi, musamman a tudu, keken yakan ɗan ja baya a ƙarƙashinsa na ɗan lokaci. Shi ba ya ji, na bayansa ne ke ganin taya ta taso masa. Koyi tashi daidai lokacin da kake danna feda da ƙarfi, don kada gudun ya yanke.

In duk waɗannan sun samu, ka nemi aboki ɗaya da ya riga ka sabawa ku fita tare sau biyu ko uku. Ka bi bayansa da tazarar tsawon keke guda, idonka a kan ƙugunsa da abin da ke gabansa, kada ka ƙura wa tayarsa ido. Ku jera kafaɗa da kafaɗa a inda hanya ta ba da dama. Sannan shi ya koma bayanka, in kun tsaya ka tambaye shi: hankalinka ya kwanta da kana bina? Amsar da zai ba ka ta fi duk lambobin da wayarka za ta nuna maka.

Yanzu batun ƙarfi. Babu wani adadi guda da za a ce wanda ya kai shi ya isa, domin ayari suna suka tara. Akwai na hira da motsa jini, masu tafiya tsakanin kilomita 18 zuwa 23 a awa, suna tsayawa shan shayi. Akwai na masu atisayen gasa, waɗanda 30 ne ƙasan gudunsu kuma ba sa jiran kowa. Tambayar da ta dace ita ce wane ayari ka isa shiga. Shawarata, idan kana iya yin kashi uku cikin huɗu na nisan da za su yi kai kaɗai, ka dawo gida ka ci gaba da harkokinka ba tare da ka kwanta yini guda ba, nisan ba zai gagare ka ba. Kano zuwa Wudil kimanin kilomita 40 ne, zuwa da dawowa 80. Wanda mafi nisan tafiyarsa 25 ce bai kamata ya fara da wannan ba, ko da an ce masa a hankali za a tafi. Ta fuskar gudu kuma, idan matsakaicin gudunka kai kaɗai ya gaza nasu da kilomita biyu ko uku, fakewa a bayan mutane za ta cike giɓin. Idan ya gaza da shida ko bakwai, babu fakewar da za ta cece ka.

A kula da wani ruɗani a nan. Matsakaicin gudun da manhaja irin Strava ke nunawa ya haɗa da rage gudu a shataletale, da mahaɗar hanya, da cunkoson bakin kasuwa. Ayarin da ya ce matsakaicinsa 25 ne, a buɗaɗɗiyar hanya 28 zuwa 30 yake tafiya. Kuma abin da ke yanke sabon shiga ba shi ne gudun da ake tafiya a kai ɗaya ba, fizgar da ake yi ce bayan kowace kwana da kowane tudun rage gudu. Na gaba ya wuce ya ci gaba abinsa, na tsakiya ya ɗan rage ya ɗan ƙara, na can baya kuwa sai ya kusa tsayawa sannan ya bi su da gudu. A yi haka sau goma, ƙafa ta ƙare. Don haka a cikin fitarka ta kai kaɗai riƙa saka ɗan fizga na daƙiƙa ashirin ko talatin, ka koma gudunka na da ba tare da ka daina taka feda ba. Idan kana iya farfaɗowa a kan tafiya, ka samu abin da ake buƙata. Gwaji mafi sauƙi shi ne magana: a gudun da ayari ke tafiya, ya kamata ka iya faɗin jimla cikakkiya ba tare da numfashi ya sarƙe ka ba.

Yanayin ƙasa ma yana sauya lissafi. A tudu gudu yana raguwa, amfanin fakewa da iska ya ragu tare da shi, kowa ya koma ɗaukar nauyin jikinsa. Wanda ya saba da shimfiɗar Kano ko Maraɗi, idan aiki ya kai shi Abuja ko Jos, kada ya auna kansa da lambobin gida. Kilomita 40 a hawa da gangarar Filato wani abu ne daban.

Abin da zai raba ka da yawancin wannan zullumi shi ne tambaya, kuma matambayi ba ya ɓata. Kira madugun tafiyar kwana biyu kafin ranar, ka faɗi gaskiyar matsayinka. "Yallaɓai, ban taɓa shiga ayari ba. Ni kaɗai nakan yi kilomita 30, matsakaicina wajen 21. Nisan nawa za ku yi, a wane gudu, kuma idan mutum ya gaza ana jiransa?" Madugun kirki ba zai raina wannan ba, daɗi zai ji. Zai iya ce maka, "Ƙanena, ta Asabar ta yi maka zafi, ka zo ta Lahadi, akwai mai bin baya, ba ma barin kowa a hanya." Wannan jimla ta ƙarshe ita ce wadda kake nema. Idan kuwa amsar da ka samu ita ce kawai ka zo za ka iya, babu nisa babu gudu babu hanyar da za a bi, to ka nemi wasu. Shirin ayari na karɓar baƙo yana da nauyi daidai da shirin baƙon. Abin da na fi ƙi shi ne mutum ya ƙara wa kansa lamba don kada a raina shi. Ƙaryar minti ɗaya a waya, a kan kwalta ake biyanta, kuma ba shi kaɗai zai biya ba, har da wanda zai bar tafiyarsa ya tsaya da shi.

Keken kansa ba sai mai tsada ba. Ese Ukpeseraye, wadda ta wakilci Nijeriya a tseren keke a gasar Olamfik ta Paris a 2024, da keken da tawagar Jamus ta ara mata ta shiga tseren cikin fili. Abin da ake nema a wajen naka shi ne lafiya: birki biyu masu kamawa, taya marar tsagewa da iska daidai abin da aka rubuta a gefenta, sarƙa mai mai, giya da ba ta tsalle, wili a ɗaure tam. Kai shi wurin mai gyara mako guda kafin ranar, ba daren ranar ba, don ka samu damar gwada gyaran. Mai keke mai faɗin taya zai iya bin ayarin hira lafiya lau, sai dai zai fi masu siririyar taya shan wuya idan gudu ya ƙaru. Takalmin nan mai maƙalewa a feda kuwa, in ba ka riga ka saba cire ƙafa ba tare da tunani ba, bar shi a gida ranar farko.

Faci wajibinka ne. Mun saba da cewa ko'ina akwai mai faci a gindin bishiya, amma kekunan tsere da yawa siririn bawul gare su wanda bakin famfon mai facin ƙauye ba ya kamawa, kuma da wuya ka samu tif ɗin irin tayarsu a can. Ƙayar tsidau a gefen hanya ba ta san keke mai tsada ba. Riƙe tif ɗaya sabo, da famfo ƙarami mai dacewa da bawul ɗinka, da 'yan ƙarafan cire taya, kuma ka taɓa cire tayar baya ka mayar da hannunka a tsakar gida. Za a taimake ka idan ka yi faci, haka al'adar take, amma akwai bambanci tsakanin wanda aka taya da wanda aka yi wa komai mutum ashirin na tsaye rana na tasowa. Hular kwano ba abin muhawara ba ce. Binciken da aka tattara daga ƙasashe da dama ya nuna tana rage mummunan raunin kai da fiye da rabi, kuma ayarin da ya san abin da yake yi ba zai bar ka ka bi shi babu ita ba. Abin sauraron kiɗa a kunne a cire shi. In za a fita da sauran duhu, ko lokacin hazon hunturu, fitila ja a baya da fara a gaba.

Zafinmu kuma ba a yi masa wasa. A watan Afrilu zafi a Kano da Sakkwato da Yamai yakan haura digiri 40, shi ya sa ake fita da sassafe a dawo kafin rana ta take. Lissafa aƙalla gora ɗaya, rabin lita zuwa sama, ga kowace awa, fiye da haka a bazara, kuma a tafiya mai tsawo ɗaya daga gorunan ta zama ta ruwan gishiri da sukari. A hunturu gumi yana bushewa nan take, mutum ya ɗauka bai yi asarar ruwa ba, alhali ya yi. Abincin da jiki ya adana don aiki mai ƙarfi yakan kai mutum wajen awa ɗaya da rabi. Bayan nan wanda bai ci komai ba zai ji ƙafa ta mutu, ido na duhu, hankali ya rarrabu, kuma mai rarrabben hankali a tsakiyar ayari haɗari ne ga kowa. Dabino 'yan ƙwaya a aljihu, ko ayaba, a fara ci tun kafin a ji yunwa. Watan azumi ba lokacin gwada fitar farko ba ne, sai dai in ayarin na da gajeriyar tafiya da aka tsara don masu azumi.

Wasu kuma likita ne zai fara ba su izini kafin madugu: mai hawan jini, mai ciwon sukari, mai sikila, wanda ya taɓa jin ciwon ƙirji ko jiri yayin motsa jiki, da wanda shekaru suka fara ja kuma ya daɗe bai motsa ba. Wanda bai daɗe da tashi daga zazzaɓin cizon sauro ba, sai ya ƙara wa kansa mako guda kafin ya fita. Tafiya cikin mutane tana sa mutum ya wuce iyakar da shi kaɗai da ya tsaya, saboda ba ya son a ga gazawarsa.

Ranar da ka je, isa da wuri, ka gaisa da mutane, ka sake faɗa wa madugu da wanda zai kasance kusa da kai cewa yau ce ranarka ta farko. Tambayi alamomin da suke amfani da su da kalmomin da suke kira, domin kowane ayari da ɗan bambancinsa; wasu "rami" za su ce, wasu "mota baya", wasu "a hankali", wasu da Turanci suke kiran nasu. Duk abin da ka ji ko ka gani daga gaba, miƙa shi baya. Wajen zama, nemi kashi na ƙarshe na jerin amma ba can wutsiya ba, inda fizga ta fi tsanani, kuma ka zaɓi bayan mutumin da ka ga tafiyarsa a natse take, ko da ba shi ne mafi ƙarfi ba. Bar tazarar da hankalinka ya kwanta da ita. Kada tayarka ta gaba ta shiga gefen tayar bayan na gabanka, ko da taku ɗaya ne, domin ranar da ya kauce wa rami zai share ka. Idan juyi, wato karɓa-karɓar da ake yi wajen tsaga iska, ya kawo ka gaba, riƙe gudun da ka tarar, kada zumuɗi ya sa ka ƙara, ka yi ɗan abin da za ka iya ko da rabin minti ne, ka duba baya, ka yi alama, ka zame gefe. In ba ka shirya wa gaba ba, ka ce a wuce ka. Babu wanda zai riƙe ka da wannan.

Zai iya faruwa duk da haka su tsere maka. Kusan duk wanda ka gani a jerin nan an taɓa barinsa a baya. Abin da ake so shi ne kada ka ɓace shiru. Da ka ji tazara na buɗewa kuma ba za ka iya rufe ta ba, faɗa wa na kusa da kai, ka yafito na bayanka su wuce don kada ka raba ayarin biyu. Ka san hanyar komawa gida tun kafin a tashi, waya da caji, 'yan kuɗi a aljihu da za su ɗauke ka da kekenka in ta kama, kuma wani a gida ya san hanyar da kuka bi. In ka yanke shawarar juyawa, sai ka sanar da madugu ko mai bin baya, don kada a tsaya neman wanda ya riga ya kama hanyar gida.

Bayan an sauka, kafin a watse, je wurin wanda ya fi daɗewa a bayanka ka tambaye shi abin da ya gani. Zai iya ce maka kana daina feda ba zato, ko kana lilo idan ka gaji, ko ba ka nuna rami. Abin da ya faɗa shi za ka ɗauka ka koma da shi filin gwajinka cikin mako, sannan ka dawo Asabar mai zuwa ka nemi ya sake bin bayanka.